Kaisar Nero da Gobarar Birnin Rum

A daren 18 ga watan Yuli, wayewar 19, cikin shekara ta 64 Miladiyya, watau shekara 558 kafin Hijira, wuta ta tashi a wasu rumfunan 'yan kasuwa da ke jingine da babban filin sukuwa na birnin Rum, a ƙasar Italiya, ba ta kuwa mutu ba sai da ta kwana tara tana ci, har ta mayar da mafi yawan wannan birni, wanda babu kamarsa a girma da ƙasaita a duk gaɓar Bahar Rum, ya zama toka da kangaye. Tun daga wancan zamani har yau ba a ambaton wannan gobara face an haɗa da sunan sarkin da ke bisa gadon mulki a lokacin, Kaisar Nero, wanda ake cewa shi ya sa aka cinna wutar, ya kuma hau soro yana kiɗa da waƙa alhali talakawansa suna ƙonewa. Nufinmu a wannan darasi shi ne mu zauna irin zaman alƙali, mu ji da'awa, mu kira shaidu, mu duba ko wane ne kowannensu da yadda labarin ya iso masa, sa'an nan mu rarrabe abin da ya tabbata a kan wannan sarki daga abin da aka jingina masa.

Ya kamata mai karatu ya sani tun farko cewa Rumawan da aka ambata a Suratur Rum magadan wannan daula ne, waɗanda suka zo bayan ƙarnoni, sa'ad da fada ta koma Kustantiniyya kuma sarakunan suka shiga addinin Nasara. A zamanin da muke magana a kansa kuwa, fada tana Italiya, mutanen suna bautar gumaka, kuma hukuncin Kaisar yana zartuwa tun daga tsibirin da ake kira Birtaniya a yau har zuwa Masar da Sham.

Sarkin da halinsa

An haifi Nero ran 15 ga Disamba, shekara ta 37, a Antiyum, wani gari na bakin teku da ke kudu da Rum. Mahaifiyarsa Agirifina tattaɓa-kunnen Kaisar Augustas ce, mace mai azama da ƙwazon neman mulki, wadda ta auri Kaisar Kalaudiyas, ƙanen mahaifinta, a shekara ta 49, ta kuma yi ta ƙoƙari har ya ɗauki ɗanta ya gabatar da shi a kan ɗan cikinsa Biritanikus. Kalaudiyas ya mutu a watan Oktoba na shekara ta 54, marubuta kuwa suka ce guba ta sa masa a abinci, aka naɗa Nero bai cika shekara 17 ba. Shekarunsa na farko sun yi kyau, domin al'amuran mulki suna hannun mutum biyu masu hankali, malaminsa Seneka, wanda masanin falsafa ne, da Burus shugaban dogaran fada. Amma tun a shekara ta 55 Biritanikus ya faɗi matacce a wurin walima, jama'a suka yi zargin guba. A shekara ta 59 Nero ya sa aka kashe mahaifiyarsa, bayan an fara gwada nutsar da ita a jirgin ruwa ta tsira da iyo. A shekara ta 62 kuma ya saki matarsa Oktabiya, 'yar Kalaudiyas, wadda talakawa ke ƙauna ƙwarai, ya kore ta zuwa wani tsibiri aka kashe ta a can, ya auri Fofiya. A wannan shekara Burus ya mutu, Seneka ya janye jikinsa daga fada, wani mutum mai suna Tigelinus, wanda marubuta suka haɗu a kan mugun halinsa, ya zama na hannun daman sarki.

Akwai wani abu kuma da manyan Rum suka ɗauka da nauyi ƙwarai, wanda in ba a fahimce shi ba, ba za a gane dalilin da ya sa labarin waƙar ya sami karɓuwa ba. Nero ya ƙallafa ransa ga waƙa, da kaɗa wani abin kiɗa na Yunanawa mai tsirkiya da yawa, da wasan kwaikwayo, da tseren keken doki, kuma bai tsaya a yin waɗannan cikin gida ba, sai da ya fito bainar jama'a a birnin Nafoli, a farkon shekarar gobarar, ya hau dandamali ya yi waƙa. A wurin dattawan Rum wannan sana'ar bayi ce da 'yantattu. Mai karatu ya ƙaddara a ransa a ce wani babban sarki ya sauko daga karaga, ya tuɓe rawani, ya rataya kotso ya shiga sahun maroƙa yana neman tafin jama'a. Abin da dattawan fada za su ji a zukatansu, shi ne 'yan majalisar Rum suka ji. Saboda haka, kafin tartsatsi ɗaya ya tashi, mutanen birni sun riga sun san sarkinsu da abu biyu: yana iya zubar da jinin uwar da ta haife shi, kuma babu abin da yake so kamar a kalle shi yana waƙa.

Birnin da wutar

Masana sun ƙiyasta mutanen Rum a lokacin da kusan miliyan ɗaya, a cushe bisa tuddai bakwai da kwarurrukan da ke tsakaninsu. Attajirai suna da gidaje masu faɗi a kan tuddai, amma talakawa suna haya ne a benaye masu hawa huɗu, biyar, har fiye, waɗanda samansu duk katako ne, bango ɗaya ya haɗa gida da gida, hanyoyi kuwa lunguna ne ƙuntatattu masu karkace-karkace. Da fitilar mai ake gani da dare, da garwashi ake girki a ɗaki, a ƙasan bene kuma ga shagunan masu mai da tufafi da itace. Gobara ba baƙuwa ba ce a irin wannan wuri. An yi wata babba a shekara ta 27, an yi wata a shekara ta 36 wadda ta ci wani sashe na wannan filin sukuwa kansa, duka a zamanin Kaisar Tibariyas. Tun a shekara ta 6 Augustas ya kafa 'yan kwana-kwana, runduna bakwai na 'yantattun bayi, kowace runduna tana lura da unguwa biyu daga cikin unguwanni 14 da ya kasa birnin; kayan aikinsu guga ne, da famfon hannu, da gatari, da ƙugiyoyin rushe gini. Irin waɗannan kaya suna isa ga wutar gida ɗaya ko biyu, amma ba su da ƙarfin tarar wutar da iska ke korawa a tsakiyar zafin bazarar Italiya.

Wutar ta fara ne a ƙarshen filin sukuwa, ta wajen da ya kusanci tudun Falatin da tudun Kaliyan, cikin rumfunan da ke cike da hajar da wuta ke so. Iska ta ɗauke ta ta bi tsawon filin, wanda ya kai kimanin mita 600, ta cinye kwari, ta hau tuddai, ta sāke gangarowa, tana riga duk wata dabara da za a yi mata. Marubuci Tasitus ya siffanta halin da mutane suka shiga da kalmomin da ke sa tsikar jiki ta tashi: mata suna kururuwa, tsofaffi da yara sun rasa mai ja musu hannu, wanda ya tsaya ɗaukar majinyaci ya toshe wa na baya hanya, wanda ya tsere zuwa unguwar da yake zaton lafiya take ya tarar wuta ta riga shi, har wasu, da suka rasa dukiya da iyali gaba ɗaya, suka ƙi gudu ko da hanya tana buɗe. A kwana na shida aka tare ta a gindin tudun Eskwilin, ta hanyar rushe gine-gine masu yawa don ta iske fili ta rasa abin ci. Mutane ba su gama ajiyar zuciya ba sai ta sāke tashi, wannan karon a cikin wata kadara ta Tigelinus, ta ƙara kwana uku. Da aka yi lissafi, cikin unguwanni 14, huɗu ne kaɗai suka tsira, uku sun zama fili, bakwai kuwa babu abin da ya rage a cikinsu sai 'yan gidaje rabi a ƙone. Tsofaffin ɗakunan bautarsu da suka gāda tun zamanin sarakunan farko, da ganimar yaƙe-yaƙe, da gumakan da gwanayen Yunanawa suka sassaƙa, da littattafai na dā, duk sun tafi.

Lokacin da wutar ta tashi Nero yana Antiyum, tafiyar kimanin kilomita 50 daga Rum, kuma Tasitus ya ce bai dawo ba sai da ta kusanci sabon gidan da ya gina don haɗa fadar Falatin da lambunan Eskwilin. Wutar ta cinye gidan da fadar duka. Da ya dawo ya buɗe Filin Maris da manyan gine-ginen jama'a da ke cikinsa, har da lambunansa na kansa, don waɗanda suka rasa matsuguni. Ya sa aka kakkafa rumfuna. Ya sa aka kawo abinci daga tashar jiragen ruwa ta Ostiya da garuruwan kusa. Ya kuma karya farashin alkama ya mayar da shi sestarti uku kowane ma'auni. Babu mai adalcin da zai ce wannan ba aikin sarki ba ne. Amma duk wannan bai saya masa godiya ba, domin jita-jita ta riga ta cika gari cewa, a daidai lokacin da birni ke ci, ya hau dandamalinsa na cikin gida yana rera waƙar halakar Tarwada, tsohon birnin da Yunanawa suka ƙone a labaransu na dā.

Shaidu da isnadinsu

Malamanmu na hadisi ba su karɓar magana sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ko ya riski wanda yake ruwaitowa daga gare shi, kuma ko akwai ƙiyayya ko kwaɗayi tsakaninsa da wanda yake magana a kansa. Ibn Haldun ma, a cikin Muƙaddima, ya lissafa sabubban da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, ya ambaci ta'assubanci, da yarda da mai ruwaya ba tare da bincike ba, da neman kusanci ga masu mulki, ya kuma yi umarni a auna kowane labari da ɗabi'ar al'amura. In muka ɗora wannan ma'auni a kan labarin gobarar Rum, za mu ga abin mamaki.

Manyan masu ruwayar uku ne. Tasitus yaro ne ɗan kimanin shekara takwas lokacin gobarar, kuma ya rubuta littafinsa bayan kusan shekara 50. Suwetoniyus, wanda ya yi magatakarda a fadar Kaisar Hadiriyan, ba a ma haife shi ba sai bayan ta da 'yan shekaru. Kasiyus Diyo kuwa ya yi rubutunsa ne da harshen Yunananci a farkon ƙarni na uku, bayan fiye da shekara 140. Dukansu sun ɗebo daga littattafan mutanen da suka riski zamanin, waɗanda suka ɓace ba su iso gare mu ba, ke nan isnadin yankakke ne ta tsakiya. Biyu daga cikinsu, Tasitus da Diyo, 'yan majalisar dattawa ne, watau 'yan ajin da Nero ya wulaƙanta, ya kashe manyansa, ya ƙwace dukiyarsu. Dukansu uku kuma sun yi rubutu a ƙarƙashin sarakunan da suka zo bayan rushewar gidan Nero, waɗanda zagin sa bai ɓata musu rai. Akwai wanda ya riski gobarar da ransa ya kuma ɗora wa Nero laifi, shi ne Filini babba, amma a gilme ya ambaci maganar yana bayanin wasu tsofaffin itatuwa, kuma littafin nasa ga Titus ɗan Kaisar Basbasiyan ya sadaukar da shi. Yusufus, marubucin Yahudawa wanda ya zauna a Rum a wannan ƙarni, ya faɗa a fili cewa waɗanda suka rubuta tarihin Nero sun kasu biyu, wasu sun yi ƙarya don alherin da ya yi musu, wasu sun yi don ƙiyayya.

Suwetoniyus da Diyo sun yanke hukunci kai tsaye cewa shi ya ƙone birnin. Na farko ya ce don munin tsofaffin gine-gine da ƙuncin lunguna sun dame shi, na biyu ya ce don ya daɗe yana burin ya ga halakar birninsa da idonsa. Tasitus, wanda ya fi su kusa da zamanin, ya fi su tsantseni, kuma ba ya ƙaunar Nero ko kaɗan, ya ce marubutan da ya karanta sun saɓa, wasu sun ce tsautsayi ne, wasu sun ce makircin sarki ne, bai kuwa rinjayar da ɗaya ba. Game da waƙar kuma, ruwayoyin uku ba su haɗu a kan wuri ɗaya ba: Tasitus ya ce dandamalin cikin gida, ya kuma kira labarin jita-jita, Suwetoniyus ya ce bisa wata hasumiya a lambunan Eskwilin, Diyo ya ce bisa rufin fada, alhali fadar tana cikin abin da wutar ta ci. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon nisan marubuci daga waƙi'ar, gwargwadon ƙaruwar yaƙininsa da ƙawar labarinsa, wannan kuwa alama ce da duk ɗalibin ruwaya ya san ma'anarta. Turawan baya ma sun ƙara nasu, suka ce goge yake yi, ga shi kuwa ba a ƙirƙiro gogen Turawa ba sai bayan mutuwarsa da fiye da shekara dubu.

In muka koma ga ɗabi'ar al'amarin, hujjojin da ke kare shi suna da ƙarfi. Wutar ta tashi ne a gindin tudun da fadarsa take, ta kuma cinye sabon gidansa da kayan ƙawar da ya tara, mutum kuwa ba ya fara ƙona ɗakinsa in filin maƙwabci yake kwaɗayi. Masu lissafin taurari sun nuna cewa wata ya cika kwana biyu kacal kafin daren, wanda ke son aikin ɓoye kuwa ba ya zaɓen farin wata a lokacin zafi, sa'ad da mutane ke kwana a waje. Babu kuma wanda ke da iko da iska har ya san inda za ta kai wuta. Gaskiya ne Tasitus ya ruwaito cewa an ga wasu mutane suna hana a kashe wutar, wasu suna jefa bakin wuta a gidaje suna cewa umarni aka ba su. Amma shi kansa ya ce mai yiwuwa ɓarayi ne masu neman sararin wawaso. Suwetoniyus ya ce an rushe wasu rumbunan hatsi na dutse da na'urorin yaƙi aka sa musu wuta, ya ɗauki wannan hujja a kan sarki. Alhali mun riga mun ga cewa da rushe gine-gine aka tare wutar a kwana na shida, kuma mutumin da ke gudu cikin hayaƙi, ya ga ma'aikatan hukuma suna rusa gidan da bai kama ba, ba zai fassara abin da ya gani da alheri ba.

Abin da ya rage mai nauyi shi ne tashin wutar na biyu a kadarar Tigelinus, wanda ya sa mutane suka ce sarki yana so ne a share masa fili ya gina sabon birni ya sa masa sunansa. Wannan shubuha ce ta gaske, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu ita. Sai dai garwashin da ya kwana shida yana ci a birni yana iya farfaɗowa ko'ina, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ba a tsayar da haddi a kan shubuha. Ra'ayina, wanda shi ne na mafi yawan masana tarihi na wannan zamani, shi ne cewa tuhumar cinna wutar ba ta tabbata a kan Nero ba, kuma mafi rinjayen zato tsautsayi ne irin wanda birnin ya saba gani, sai dai wannan karon ya haɗu da iska da fari.

Abin da ya tabbata

Kuɓutar da shi daga wannan tuhuma ba wanke shi ba ne, domin abin da ya aikata bayan wutar ta mutu a fili yake, ba ya bukatar jita-jita. Za mu fara da na kirki, don adalci ya wajaba ko a kan azzalumi. Ya hana a sāke gina birnin barkatai kamar dā: aka fitar da tituna masu faɗi a miƙe, aka ƙayyade tsawon benaye, aka hana gida biyu su yi tarayya a bango ɗaya, aka wajabta yin wani sashe na gini da dutsen Gabi ko na Alba wanda wuta ba ta ci, aka sa kowane mai gida ya ajiye kayan kashe wuta a inda hannu zai kai, aka naɗa masu tsaron hanyoyin ruwa don hana masu satar ruwan jama'a. Ya yi alkawarin gina baranda a gaban gidaje daga aljihunsa, ya sa lada ga wanda ya gama gininsa cikin wa'adi, ya kuma yi umarni jiragen da ke kawo alkama ta kogin Taiba su riƙa komawa da ɓaraguzai suna zubawa a fadamun Ostiya. Wasu tsofaffi sun yi gunaguni cewa lungunan dā sun fi inuwa, amma tsarin ya amfani birnin.

Sai dai a tsakiyar wannan kufai, inda dubban talakawa suke zaune kafin gobara, ya yanki fili tun daga Falatin har Eskwilin ya gina wa kansa fadar da aka kira Gidan Zinariya, a hannun magina biyu, Seberus da Seler. A cikinta akwai tafki, da gonaki, da kurmi da namun daji, kamar an ɗauko ƙauye an dasa a tsakiyar birni. Akwai ɗakunan da aka yi wa rufi da hauren giwa, ana zubo furanni da turare daga sama a kan baƙi. Akwai zauren cin abinci mai kewayawa dare da rana. A ƙofa kuma aka shirya gunkinsa na tagulla wanda Suwetoniyus ya ce tsawonsa ƙafa 120. Kuɗin wannan aiki da na gyaran birni daga talakawan Italiya da na lardunan daula aka tatso su, aka kwashe dukiyar ɗakunan bauta a ƙasar Yunan da Asiya, aka kuma rage nauyin dinarin azurfa aka gauraya shi. Mutumin da ya kwana a rumfa a Filin Maris, ya wayi gari ya ga an haƙa wa sarki tafki a inda unguwarsa take, ba ya bukatar wani shaida kafin ya gaskata cewa da gangan aka ƙone ta.

Da zargin ya ƙi kwantawa, duk da kyauta da hadayun da aka yi wa gumaka, sai Nero ya nemi waɗanda zai ɗora wa laifin, ya kuwa same su a cikin wata ƙaramar jama'a marar gata, mabiya Annabi Isa, alaihissalamu, waɗanda yawancinsu baƙi ne da bayi da matalauta, kuma mutanen gari suna ƙinsu saboda sun ƙaurace wa gumaka da bukukuwansu. Aka kama na farko, aka bi ta bakinsu aka kama masu yawa. Tasitus ya ce an ɗinke wasu cikin fatun namun daji aka sakar musu karnuka, an gicciye wasu, wasu kuma aka cinna musu wuta bayan faɗuwar rana don su haskaka dare. Sarki ya ba da lambunansa na hayin kogi don wannan kallo, yana yawo cikin taro da tufafin mai tuƙin keken doki. Shi Tasitus ba ya ganin Kiristoci da mutunci ko kaɗan, ya zage su da addininsu, don haka shaidarsa a nan ta fi ƙarfi, domin ba ya da wata riba wajen kare su. Amma duk da haka ya nuna cewa ƙage aka yi musu don a kashe jita-jita, ya kuma ce har mutanen gari tausayi ya kama su, da suka gane ana halaka waɗannan bayin Allah ne don ƙosar da zaluncin mutum ɗaya. Kiristoci sun riƙe tun dā cewa a zamanin Nero aka kashe manzanninsu Bitrus da Bulus a Rum. A ganina wannan ita ce babbar ta'asar da ke cikin labarin gobarar gaba ɗaya, ta fi waƙar da ake ta maimaitawa nauyi nesa ba kusa ba: sarkin da ya ɗanɗani zafin ƙazafi a kansa, ya san yadda yake, ya ɗauke shi ya aza wa waɗanda ba su da bakin kare kansu.

Jinin bai wanke sunansa ba. A shekara ta 65 aka tona wata maƙarƙashiyar kashe shi, wadda aka shirya don a naɗa wani babban ɗan majalisa mai suna Fiso, aka kashe mutane da yawa, aka tilasta wa tsohon malaminsa Seneka ya kashe kansa. Cikin waɗanda aka kama akwai wani hafsan dogarai, Subiriyus Filabus, wanda da Nero ya tambaye shi dalilin karya rantsuwarsa, ya amsa masa ido da ido cewa ya yi masa biyayya muddin ya cancanta, ya kuma fara ƙinsa ne sa'ad da ya zama mai kisan uwa da mata, ɗan tsere, ɗan wasa, mai ƙona gari. Wannan ya nuna cewa shekara ɗaya bayan gobarar zargin ya riga ya shiga har cikin masu tsaron ƙofarsa. A shekara ta 68 gwamnonin Gal da Sifaniya suka yi tawaye, dogarai suka juya masa baya, majalisa ta ayyana shi maƙiyin jama'a, ya gudu zuwa gidan wani 'yantaccen bawansa a bayan gari, ya kashe kansa ran 9 ga Yuni yana da shekara 30. Duk da haka wasu talakawa sun daɗe suna kai furanni kabarinsa, kuma a lardunan gabas an sami mutane fiye da ɗaya da suka fito suna da'awar su ne Nero, suka kuwa sami mabiya.

Basbasiyan, wanda mulki ya tabbata a hannunsa a shekara ta 69, ya sa aka janye ruwan tafkin Gidan Zinariya, aka gina a gurbinsa babban gidan kallon nan da ake kira Kolosiyum, wanda har yau yake tsaye, don ya nuna ya mayar wa jama'a filinsu. Daga baya Kaisar Tarajan ya binne wani sashe na fadar ya gina gidajen wanka a kansa. A shekara ta 80, shekarar da Kaisar Titus ya buɗe Kolosiyum, wata gobara ta sāke tashi a Rum, ta kwana uku tana ci, ta ƙone babban ɗakin bautarsu na tudun Kafitol da manyan gine-gine na Filin Maris. Shi ma Titus ba ya gari lokacin da ta tashi, yana Kamfaniya wajen duba ɓarnar dutsen Besubiyus da ya yi aman wuta a shekarar da ta gabata. Suwetoniyus da Diyo duka sun ba da labarin wannan gobara, sun yabi ɗawainiyar da sarki ya yi wajen gyara, kuma babu ɗayansu da ya tuhume shi da cinna ta.